Yaya mabiya Hindu suke horar da zuciya?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina aiki a wata masana'anta a Kano tare da wani Ba'indiye mabiyin addinin Hindu. Ba ya cin nama, yana azumi sau biyu a wata, kuma ko an yi masa tsiwa da wuya ka ji ya ɗaga murya. Ya ce mini tarbiyyar addininsu ce. Don Allah me suke koyarwa game da gyaran hali?

Amsa: Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Addinin Hindu ba shi da littafi guda ko shugaba guda da kowa ke bi, amma a kan gyaran hali bakin malamansu ya kusa zuwa ɗaya: hali ba gado ba ne, aiki ne da ake maimaitawa har ya zama jiki.

Tsohon littafin Yoga Sutra na wani malaminsu mai suna Patanjali ya shimfiɗa matakai 8. Lanƙwasa jikin nan da ake nunawa a talabijin da sunan yoga mataki na uku ne kawai. Na farko shi ne kame kai a zamanka da jama'a: kada ka cuci mai rai, ka faɗi gaskiya, kada ka ɗauki abin wani, ka tsare sha'awarka, kada ka tara abin da ba ka bukata. Na biyu tsakaninka da kanka ne: tsabta, wadatar zuci, jure wahala, karatu, da miƙa wuya ga abin bauta. Wato wanda bai daina ƙwarar mutane a kasuwa ba, zamansa a kan tabarma ido rufe ba zai kai shi ko'ina ba.

Ƙin cin naman abokin aikinka daga ƙa'idar farko ya fito, wadda suke kira ahimsa. Sai dai ba kowane Bahindu ne haka ba; a jihar Gujarat ta Indiya an fi tsanantawa, mutanen Bengal kuwa kifi ne cimarsu. Azumin nasa da alama Ekadashi ne, ranar 11 bayan sabon wata da ranar 11 bayan cikarsa. Ba irin namu ba ne. Yawanci hatsi ake bari, kamar shinkafa da alkama, a sha madara a ci 'ya'yan itace, wasu kuma ko ruwa ba sa sha.

Batun fushi ne ya fi ɗaukar hankalina. A Bhagavad Gita, littafi mai babi 18 da baiti 700, Krishna, ɗaya daga cikin abubuwan bautarsu, yana yi wa jarumi Arjuna nasiha a fagen daga. A babi na 2 ya bi sawun fushi tun daga tushe. Mutum ya dinga saƙa wani abu a ransa, sai ransa ya ɗamfaru da shi, sai kwaɗayi ya shigo. Aka hana shi, sai fushi. Fushi ya rufe masa ido, ya manta abin da ya sani, hankali ya gushe, ya hallaka. Ka ga ke nan ba lokacin da jijiyar wuya ta tashi ake maganin abin ba, tun ana saƙe-saƙen ake tare shi. A babi na 6 Arjuna ya yi ƙorafi cewa riƙe zuciya kamar riƙe iska ne. Krishna bai musa ba, ya ce da wuya kam, amma yawan gwadawa da rage ɗoki suna lanƙwasa ta.

Mahatma Gandhi ya gwada wannan a siyasa. A Fabrairun 1922, ana tsakiyar ƙaurace wa mulkin mallakar Ingila a Indiya, masu zanga-zanga a garin Chauri Chaura suka cinna wa ofishin 'yan sanda wuta, 'yan sanda 22 suka mutu. Gandhi ya dakatar da gwagwarmayar a ƙasar baki ɗaya, ya yi azumin kwana 5. Manyan 'yan jam'iyyarsa, har da Jawaharlal Nehru da ke kurkuku a lokacin, ransu ya ɓaci ƙwarai, gani suke an kashe wuta tana tsakiyar ci. Gandhi kuwa ya tsaya a kan cewa jama'ar da ba ta iya riƙe hannunta ba ba ta shirya ba.

Amma kada ka ɗauka koyarwa ita ce rayuwa. Al'ummar da ta hana cutar da dabba ita ce ta daɗe tana ware wasu mutane, waɗanda yau ake kira Dalit, tana hana su rijiya da wurin ibada, ana cewa kowa ya tsaya inda haihuwa ta ajiye shi. A ganina wannan babban tabo ne. Sashe na 17 na kundin tsarin mulkin Indiya na 1950 ya haramta wannan ƙyama, kuma B. R. Ambedkar, wanda ya jagoranci rubuta kundin, shi kansa Dalit ne. A 1956 ya fita daga Hindu ya koma addinin Buddha a garin Nagpur tare da dubun dubatar mabiyansa.