Birki yana saki, waigi ba ya saki

Jiya muna tattara kayan aiki ka tambaye ni, "Oga, tunda matuƙin jirgin sama ya ja birkin ajiya kafin ya sauka, mene ne amfanin mu riƙa jan waigi muna cusawa a gindin taya?" Na ga sauran yara suna yi maka dariya. Ƙyale su, da wuya a samu biyu a cikinsu da za su iya ba ka amsa. Zauna ka ji.

Birkin jirgi ba irin birkin hannu na mota ba ne, wanda waya ke riƙewa. Man haidirolik ne ake matsawa da ƙarfi, PSI 3000 a ma'aunin matsi a yawancin jiragen da muke taɓawa, shi ke danne faifan birki. Da an kashe inji, fanfo ya tsaya, ba abin da ya rage sai ɗan tulun ajiya, mai a gefe guda, iskar naitirojin a ɗaya gefen tana tura shi. Tulun nan kuwa tsiyaya yake yi a hankali. A Boeing 737 ana ba shi kamar awa 8, a Airbus A320 awa 12, shi ma in komai lafiya lau ne. To jirgin da zai kwana uku a hannunmu fa? Ba ƙara za ka ji ba, ba kuwa wanda zai zo ya sanar da kai. Sai dai ka waiwaya ka ga abu mai nauyin tan 60 ko 70 ya fara tafiya shi kaɗai, domin filin ajiye jirgi da kake gani kamar faranti, da ɗan gangare aka zuba shi saboda ruwan sama ya samu hanya.

Wani lokacin ma da gangan muke sakin birkin. Jirgin da ya sauka yanzu, birkinsa wuta ne, musamman a zafin Afrilu na Kano. In aka bar shi a danne ba ya saurin hucewa. Shi ya sa matuƙi yake jira a yi masa alamar waigi ya shiga, sannan ya saki. Daga lokacin nan, wannan guntun robar da ka raina ita kaɗai ke riƙe da jirgi. Ko karen mota a Hawan Kibo ya san wannan karatu, bai kuma je makarantar jirgin sama ta Zariya ba.

Sa shi ma da iyawa. Gaba da bayan taya, a manyan tayoyin tsakiya, domin nan nauyin yake. Na tayar hanci ƙari ne. In za a zuba mai, kada ka danna shi har ya manne da taya, bar ɗan tazara. 737 babba yana shan lita 26,000, taya za ta baje ta hau kan waigin, gobe ku uku ku taru kuna dukansa ya ƙi fita. Kuma kada na sake ganin ka sa hannu tsakanin waigi da taya. Igiyar da ke jikinsa ba ado ba ce.

Kada ka ɗauka sakaci namu ne mu kaɗai. Ranar 15 ga Nuwamba 2007, a Tulus ta Faransa, a gidan Airbus kansa, ana gwajin injunan sabon A340-600 da ko fasinja ɗaya bai taɓa ɗauka ba. Suka taso injuna huɗu gaba ɗaya da ƙarfi, birki kawai, babu waigi. Ƙarfin inji ya rinjayi birki, jirgi ya zabura, ya haye katangar kankare, gabansa ya ragargaje. Mutum 9 ne a ciki, Allah Ya yi da sauran kwana, amma jirgin bai sake moruwa ba.

Bayan waigi sai ƙusoshin da ke hana ƙafar jirgi naɗewa, masu jan ƙyalle a jiki. Ba ka shiga ramin taya sai ka gan su da idonka, ba wai wani ya ce maka ya sa ba. Haka wayar ƙasa, mai janye lantarkin da ke taruwa a jikin jirgi zuwa ƙasa, musamman da hunturu, lokacin da ko riga ka cire sai ta yi tartsatsi, balle jikin jirgi da ake ɗura wa mai.

Sai murfin bututun awon gudu, wanda ku yara kuka fi mantawa. Ka san zanzaro, mai ginin laka a lungun ɗaki? A Fabrairun 1996 wani Boeing 757 na Birgenair ya tashi daga Jamhuriyar Dominika bayan ya yi kusan kwana 20 a ajiye, bututunsa a buɗe. Masu bincike sun fi zargin irin wannan ƙwaro ne ya yi gini a ciki. Agogon gudu ya yi wa matuƙi ƙarya, suka faɗa teku, mutum 189. A Oktoban wannan shekarar kuma, a Lima ta Peru, akasin haka ya faru: an liƙe ramukan awon iska da salatif don a goge jikin jirgi, aka manta ba a ɓare ba, mutum 70 suka tafi. Wancan ba a rufe ba, wannan ba a buɗe ba. Dalilin ke nan nake tsayawa a kanku sai an rubuta duk abin da aka sa wa jirgi a littafi, a kuma ƙirga shi ɗaya bayan ɗaya in an cire. Na san kuna cewa tsoho ya cika mita.

Jirgin da aka shigo da shi yau da la'asar, ka je yanzu ka hau ɗakin matuƙi, ka karanta agogon matsin birki, ka rubuta a takarda. Kada ka taɓa komai. Gobe bayan asuba, kafin a ba jirgin wuta, ka same ni a gindinsa da takardar, mu sake karantawa tare.