Yaya, ga bayanin hoton da ya tayar maka da hankali

Assalamu alaikum Yaya. Na ji saƙonka na murya har sau uku, kuma ban ga laifinka ba. Mutumin da ke zaune a Funtuwa, wanda kullum labarin 'yan bindiga ne ke tashinsa daga barci, ya ga 'yarsa saɓe da bindiga a Amurka, dole ya tambayi ƙaninsa ko lafiya.

Lafiya lau. Wasa ne na makaranta, harbin faifai. Faifan ɗan ƙarami ne, bai wuce tafin hannu ba, ruwan lemo, ana yin sa da farar ƙasa da kwalta. Inji ne ke cilla shi sama, mai harbi na tsaye yadi 16 a baya. Mutum biyar ke jeruwa, kowa ya harba biyar a wuri ɗaya sannan a matsa, har a cika 25. Turawa na ce masa tantabarar laka, domin da can tantabaru masu rai ake saki a harbe, har a gasar Olamfik ta Paris a 1900. Da a ce haka ake yi har yau, wallahi ba zan bar ta ba, tunda Annabi (SAW) ya hana a mai da abu mai rai abin gwajin harbi.

A nan Minnesota abin ya yi ƙarfi ƙwarai, ɗalibai dubbai ke haɗuwa a garin Alexandria duk watan Yuni, maza da mata ƙungiya ɗaya. Ba a barin yaro ya shiga sai ya yi karatun kiyaye bindiga ya samu takardar shaida. A fili kuwa bindiga a buɗe take, babu harsashi, sai layi ya zo kanka. Kunne a toshe, ido da tabarau. Ranar da na fara zuwa, wani dattijo ya tsawata mini don na juya bakin bindigar da na san babu komai a cikinta. Tun ranar na yarda da wurin.

Ka tambaya ko duk Hausawan nan haka suke. A'a. Mu kaɗan ne, kuma kanmu a rabe yake. Wasu iyayen sun ce har abada, kuma hujjarsu mai nauyi ce: a jihar nan ɗan sanda ya harbe Philando Castile a cikin motarsa a 2016, baƙar fata mai lasisin riƙe bindiga. Ba mu manta ba. Shi ya sa bindigarmu ba ta fita sai a cikin gidanta, a but ɗin mota, a gida kuma tana akwatin ƙarfe a kulle, makullin a hannuna.

Abin da ya riƙe ni shi ne Asabar. Uwarsu ta ɗauko fulas ɗin shayi, autan na rubuta maki, ni ina harbi kusa da 'yarka, in azahar ta yi mu shimfiɗa darduma a ciyawa. Ka tuna yadda Baba ke tafiya da mu farautar zabi bayan girbi, ya hana mu ko tari? Irin natsuwar nan nake gani a fuskarta kafin ta ce a saki faifan. Ranar da aka ɗauki hoton, ta fasa 22, ni 17. Ta ce in gaya maka in ka zo, kai ne na farko a layi.

A gaida Anti da yara.