Da na kunna VPN ɗin ofis sai firintar gida ta ɓace

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Kwana uku a sati daga gida nake aiki, ofis suka sa min Cisco AnyConnect a laftof, wato VPN ɗin da ke haɗa ni da sabar ofis, to da zarar na kunna shi firintata da ke kan Wi-Fi ɗin gida sai ta ɓace, in na kashe ta dawo. Wani mai gyara ya ce fayawol ne ke tare ta, in kashe shi gaba ɗaya. Wallahi tsoro nake kar in ɓata kayan ofis a ce ni ce.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, kwantar da hankalinki, ba abin da ya lalace. An saita VPN ɗinku ne ya kwashe duk abin da ke fita daga laftof ɗin ya bi da shi ta ramin ofis, wato keɓaɓɓiyar hanyar da VPN ke buɗewa zuwa sabar ofis, har da takardar da kike turawa firintar da ke gefenki. Ki danna alamar saiti a AnyConnect, a Preferences akwai akwatin "Allow local (LAN) access when using VPN", wato izinin shiga layin gida (LAN), ki saka masa alama ki sake haɗawa. Amma fa sai in masu kula da sabar ofis sun yarda daga can, su ne za su saka 0.0.0.0/32, lambar da ke nufin layin gida, cikin adireshin da aka cire daga rami, in ba su saka ba ko sau ɗari kika danna aikin banza ne.

In ya ƙi duk da haka, ki buga umarnin ipconfig a Command Prompt na Windows ki duba lambobin IP, wato adireshin na'ura a kan layi. Idan gida 192.168.1.x ne ofis ma haka, sun yi karo kenan, sai ki maida rautar gida wani layin kamar 192.168.50.x, ki sake saka firintar da lambar IP ɗinta kai tsaye, kar ki jira Windows ya nemo ta.

Sai maganar mai gyaran nan, wadda kusan kullum sai na ji ta kuma har yanzu tana ɓata min rai. Fayawol mai gadin ƙofa ne, matsalarki kuma ta hanya ce, saƙon ya bi titin ofis maimakon ya tsaya a falo, ko kin kori mai gadi titin bai canza ba. Firinta ba za ta dawo ba, ƙofa kuma ta zauna a buɗe. Abin haushin shi ne mutane sun ɗauka wai tunda VPN na kunne an tsira daga komai, alhali ranar da aka buɗe miki shiga LAN kuma kika hau Wi-Fi ɗin otal ko filin jirgi, duk wanda ke kan wannan layin zai iya ƙwanƙwasa laftof ɗinki, ga ƙafarta ɗaya a cikin jama'a ɗaya a cikin sabar ofis. Ta ƙofa mai lamba 445 ta raba fayil bairas ɗin kwamfuta mai suna WannaCry ya dinga tsallakawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta a watan Mayun 2017 har ya tsayar da aiki a asibitocin Ingila, ƙofar da fayawol yake toshewa a irin waɗannan wuraren. Shi mai gyara ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba, sunanki ne zai fito a rajistar sabar.

In kuma masu IT suka ce dokar kamfani ta hana, kar ki tsaya ja da su, ki nemi wayar USB ki jona firintar, VPN ba ruwansa da ita.