Kalmar "axes": jam'in gatari ce ko jam'in "axis"?

Malam, ka ce ka ga "axes" a littafin lissafi, alhali ka san ta a matsayin jam'in "axe", wato gatura, har ka fara zargin kuskuren bugawa ne. Ba kuskure ba ne. Sunaye biyu ne suka haɗu a jam'i ɗaya.

"Axe" tsohuwar kalmar Turanci ce, jam'inta kuwa na yau da kullum ne, a ƙara mata "s" kawai. Ita kuma "axis" daga Latin aka aro ta, ta zo da ƙa'idarta: "is" ta ƙarshe takan koma "es", kamar yadda "crisis" ke zama "crises". Ma'anar "axis" ita ce layin da abu ke juyawa a kansa, kamar duniya, ko layukan x da y na zanen lissafi. Su ne ka gani a littafinka.

A rubuce iri ɗaya suke, amma a baki akwai bambanci, kuma nan ne nake so ka fi mai da hankali. Na gatura gajere ne, "aksiz". Na lissafi sai ka ja wasalin ƙarshe, "aksiiz". Wannan bai kamata ya ba Bahaushe wahala ba, tunda mu ma muna rubuta "gari" don garin da muke zaune da kuma garin tuwo, jan wasali ne ke raba su.

Haka "bases" take, jam'in "base" ce kuma jam'in "basis". In ka ci karo da ita, duba jimlar da take ciki.