Amsa: gadin dare da yawan mura

Ɗan'uwa, ka ce tun da ka koma gadin dare mura ba ta barinka. Lallai akwai alaƙa. Barci mai nauyi na taimaka wa fararen ƙwayoyin jini, wato dakarun jiki, su riƙe kamannin cutar da suka taɓa yaƙa. In barci ya yi ƙaranci, karsashinsu sai ya ragu.

A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2015, an ɗiga wa mutum 164 ƙwayar cutar mura a hanci. Masu barcin da bai kai awa 6 ba sun ninka masu wuce awa 7 kamuwa har sau huɗu.

Don Allah in ka tashi daga aiki, sa labule ɗaki ya yi duhu, ajiye waya, ka kwanta. In tari ya wuce mako biyu, je asibiti a duba ka.