Hukuncin Sakar wa Na'ura Tuƙin Jirgin Yaƙi

Tambaya: Allah gafarta Malam, ina koyon tuƙin jirgin yaƙi. Akwai jiragen da kwamfuta ke karɓe tuƙi daga hannun matuƙi idan ta hango hatsari. Dogaro da ita ya saɓa wa tawakkali? In ta yi kuskure, alhakin yana wuyan wa?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ɗana, riƙo da sababi ba ya warware tawakkali. Annabi (SAW) ya sanya sulke biyu ranar Uhudu. A tafiyar hijira kuma ya ɗauki Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ ja-gora alhali bai musulunta ba, don an san ƙwarewarsa da amanarsa. Sai da aka san shi kafin aka bi shi, kuma a nan hukuncin yake.

Ɗauki misalin Auto-GCAS, na'urar da ke hana jirgi faɗowa ƙasa, wadda sojin saman Amurka suka fara sanya wa jiragen yaƙi na F-16 a 2014. Idan matuƙi ya karya kwana da ƙarfi, jini kan janye daga kansa ya suma, jirgi ya yi ƙasa. Na'urar tana auna inda jirgin ya dosa da taswirar tuddai da kwaruruka da ke cikinta. In saura ƙiris, sai ta daidaita fukafukai, ta ɗaga hancin jirgin, sannan ta mayar wa matuƙi tuƙinsa. A 2016 ta ceci wani ɗalibi da ya suma a samaniyar Arizona. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne ba ta aiki a ɓoye: alamomi biyu suna matso juna a gilashin gaban matuƙi, yana ganin tana shirin shiga, kuma yana da ikon ƙwace tuƙin. Dogaro da irin wannan halal ne. Mai kashe ta ba da uzuri ba ma, ina jiye masa tsoron jefa kai cikin halaka.

Wadda aka ɓoye aikinta kuwa daban ce. A jirgin fasinja Boeing 737 MAX an sanya na'urar MCAS mai danna hancin jirgi ƙasa, ba a bayyana ta ga matuƙa tun farko ba. Jirage biyu suka faɗi, a Indunusiya a 2018 da Habasha a 2019, rayuka 346 suka salwanta. Wannan algus ne, kuma Muslim ya ruwaito cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Wajibi ne maƙera da shugabanninka su sanar da kai yaushe take shiga, da inda take gazawa. Kai ma wajibi ne ka koya.

Na'ura ba mukallafa ba ce, ba a ɗora mata alhaki. Yana kan wanda ya ɓoye aibinta ko ya yi sakaci. Kuma ka rarrabe tsakanin ceton rai da ɗaukar rai. Idan ta nuna maka inda za ka saki bam, ba ya halatta ka saki sai ka tabbatar gwargwadon ikonka cewa ba bayin Allah da ba su ji ba su gani ba ne a wurin. Allah ya hana bin abin da ba ka da ilimi a kansa a Suratul Isra'i, aya ta 36, kuma kisan kuskure ma yana da diyya da kaffara a Suratun Nisa'i, aya ta 92.

Wallahu a'alam.