Masu son kifin teku a falo: ku fara da batir da gishiri na gaskiya

Wasiƙun wannan mako kusan duk a kan abu guda suka zo, wato akwatin gilashi na ruwan gishiri, irin wanda ake kiwon kifin teku da murjani mai rai a ciki. Da alama wani bidiyo ne ya zaga wayoyin mutanen Bauchi. Ga waɗanda na tsinto.

Tambaya: Ni ɗalibi ne, ina haya a Gwallameji, ɗaki ɗaya. Na tara naira dubu 150, ina son ƙaramin akwati mai cin lita 20, da kifi biyu da murjani kaɗan. Me zan fara saya?

Amsa: Ƙanena, ma'aunin zafi kawai za ka saya yanzu. Ka cika bokiti da ruwa, ka ajiye shi daidai inda kake son ɗora akwatin, ka riƙa duba ma'aunin da azahar da kuma bayan isha'i. Murjani dabba ce, kuma a cikin naman jikinta akwai wata gansakuka ƙanƙanuwa da ke haɗa mata abinci da haske. Digiri 24 zuwa 26 take so. In ruwa ya daɗe a kan 30, sai ta amayar da gansakukar, ta yi fari fat, daga nan yunwa ta ƙarasa ta. Ruwan Wikki na Yankari da muke shiga muna cewa ɗuminsa da daɗi, digiri 31 ne. To ka ƙiyasta abin da bokitinka zai nuna a watan Afrilu, a ɗaki mai rufin kwano. Da hunturu kuma lamarin ya juye, sai ka kunna wa ruwan hita da dare.

Sai maganar wuta. Famfon da ke motsa ruwa bai kamata ya tsaya ba, dare da rana, domin motsin ne ke shigar da iska cikin ruwan, kuma ruwan gishiri mai ɗumi ba ya riƙe iska kamar ruwan daɗi mai sanyi. Dare ɗaya babu wuta ya isa ka wayi gari da gawa. Janareton mai gida da ake kashewa ƙarfe sha ɗaya ba ya cikin lissafi. In babu inbata da batir, ko sola mai kwana da wuta, maganar ta ƙare.

Ƙanƙantar akwatin da kake gani sauƙi ce, ita ce wahalar. Shayi a kofi ya fi saurin hucewa a kan na cikin tukunya. Lita ɗaya kacal in ta bi iska daga cikin 20, gishirin ruwan ya hau da kusan kashi 5 cikin ɗari, tunda ruwa ne ke tafiya, gishiri yana nan. Sabon shiga kada ya yi ƙasa da lita 75, jarka uku ke nan. Ka riƙe kuɗinka, ka karanta amsa ta ƙarshe.

Tambaya: Wani a WhatsApp yana sayar da gishirin teku ƙulli-ƙulli a leda, ya ce daga bokitin da aka shigo da shi daga ƙasar waje yake ɗiba, kuma kuɗinsa bai kai rabin na shago ba. In saya?

Amsa: Malam, ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi, don haka ka gyara zama.

Kada ka saya. Farin gari a leda marar suna, ta yaya za ka san abin da ke ciki? Gishirin da ke cikin ruwan teku, kusan kashi 85 cikin ɗari irin na miya ne. Sauran kashi 15 ɗin, su magniziyam da kalshiyam da fotashiyam da abin da ke hana ruwa yin tsami, su ne kake biya wa kuɗi, domin da su murjani ke gina ƙashinsa. Mai ha'inci ya san haka sarai. Ya kuma san ma'aunin gishirinka ba zai tona shi ba, domin kaurin ruwa kawai yake aunawa. In ya cakuɗa rabin na gaske da rabin na kasuwar Muda Lawal, ma'auninka zai nuna 1.025, kaurin da ake so, lafiya lau, kai kana murna, murjaninka yana ramewa. Kafin ka farga an ɗau lokaci, shi kuma ya canja lamba.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, mutanen da ke faɗawa wannan tarko ba talakawa ba ne. Mutum zai sayi gilashi mai tsada, ya sa kafinta ya yi masa teburi na gani na faɗa, ya ɗora hoto a Facebook tun ruwa bai kwanta ba, sai an zo kan gishiri ya tuna da tsimi. Mu yi lissafi. Jarka ɗaya ta lita 25 tana cin kusan giram 900 na gishiri. Akwati mai lita 75 zai lashe kilo 2.7 a zubin farko. Kowane mako kuma za ka kwashe kashi 10 cikin ɗari na ruwan ka zuba sabon haɗi, wato kusan giram 270, a shekara wajen kilo 14. Ka tambayi kuɗin bokitin gishiri na gaske, ka ɗora kuɗin mota daga Legas, ka duba aljihunka. In ba zai ɗauka ba, ba laifi ba ne, kifin teku ba farilla ba ne. Laifin shi ne ka ɗebo rayuka daga wata duniya ka kashe su da araha.

Ka sayi wanda ke rufe da hatimin kamfani, ka buɗe shi da hannunka. In ka same shi ya dunƙule ya zama dutse, danshi ya shige shi, ka mayar. Ka nemi kayan gwajin kalshiyam, irin na ɗige-ɗige, ka gwada haɗin farko. Na kirki zai ba ka tsakanin 400 da 450 a ma'auni. In ka ga 200, ka san aikin da aka yi maka.

Kuma ha'incin bai tsaya a gishiri ba. Akwai masu sayar da fitilar ado mai shuɗin haske, irin ta shagon aski, su ce ta murjani ce. Shuɗi ba shi ne magana ba, ƙarfin hasken da zai ratsa ruwa ya kai ƙasa shi ne magana, kuma duk fitilar da ba a rubuta ƙarfinta da sunan kamfaninta ba, ta ado ce. Akwai masu jiƙa busasshen dutse su kira shi dutse mai rai, wato wanda ƙananan halittun teku ke zaune a jikinsa. Na gaske yana da ƙanshin teku, da ɗigo-ɗigon ruwan hoda ko shunayya a jikinsa. Busasshen ma yana aiki, amma a kuɗin busasshe. Mafi muni su ne masu kawo wannan dabba mai kama da fure da kifin nan mai ruwan lemo da fararen zane ke kwanciya a ciki, fara sol ko rawaya shar, su ce irinta ba ta da yawa. Farar ta riga ta rasa gansakukarta, tana kan hanyar mutuwa. Rawayar kuwa sau da yawa rina ta aka yi. Mai lafiya ruwan ƙasa-ƙasa take, ba ta ɗaukar ido, shi ya sa ba ta ciniki.

Ga kuma masu cewa ka turo kuɗi duka, za su ba direba a tasha. Daga Legas zuwa Bauchi ya haura kilomita 1,000. Kifi a leda, a but ɗin mota, cikin rana, tsakanin buhuna. Wa zai ɗau asara in ya iso a mace? Ku yi wannan magana kafin kuɗi su bar hannunka, a rubuce. Ka nemi a cika ledar da iskar oksijin, a sa ta a kula, a biyo da ita ta jirgi. In ya ce ba ya haka, ka yi masa fatan alheri.

Tambaya: Ba zan iya haɗa gishirin girki da 'yar kanwa ba, tunda duk gishiri ne?

Amsa: Za ka iya, in ɗanwake za ka dafa. Ka sake karanta amsar da ke sama.

Tambaya: Ruwan bohol ɗinmu a Fadaman Mada garai-garai yake, muna sha ba matsala. Zai yi?

Amsa: Hajiya, abin da cikinmu ke ɗauka ba shi murjani ke ɗauka ba. Ruwan bohol yana tafe da ma'adanai narkakku da ido ba ya gani, wasunsu takin gansakuka ne, akwatinki zai koma kore shar. Na famfo kuma akwai kilorin. Abin da ake so shi ne ruwan da ya bi ta matatar da ake kira RO. Ki sayi ɗan ma'aunin nan mai kama da alƙalami, na TDS, mai auna ma'adanan da suka narke a ruwa, ba shi da tsada. Ki tsoma, lambar ta zama sifili ko kusa da shi. Wasu masu fiyawata suna da irin wannan matata, wasu kuma a jikin leda kawai take, don haka ki tafi da alƙalaminki da jarkarki. Abu ɗaya da za ki riƙe: in ruwa ya ragu saboda zafi, da tataccen ruwa zalla ake cikawa, ba da na gishiri ba.

Tambaya: Mun haɗa wa ɗana akwati mako biyu ke nan, ba mu sa kifi ba kamar yadda aka ce mana. Yanzu wata ƙura mai ruwan ƙasa ta rufe yashi da gilashi. Yaron kullum kuka, ni kuma ina tsoron kuɗin mahaifinsa sun tafi a banza.

Amsa: 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, babu abin da ya lalace. Wannan ƙurar wata gansakuka ce da ke fitowa a kusan kowane sabon akwati, kuma in abincinta ya ƙare da kanta take ja da baya. Ki goge gilashin kawai, kada ki zubar da ruwan, kada ki wanke duwatsun. Kun yi daidai da ba ku sa kifi ba, kuma mutane kaɗan ne ke da wannan haƙuri. Abin da kuke jira shi ne ƙwayoyin bakteriya su zauna a jikin dutse, su ne ke mayar da amoniyar kashin kifi ta zama naitirait, sannan ta zama naitiret marar kaifin guba. Yakan ɗauki mako 4 zuwa 6. Ki ɗan jefa abincin kifi kaɗan don su samu abin ci, ki riƙa gwaji. Ranar da amoniya da naitirait suka nuna sifili, ku sa kifi biyu, irin masu ruwan lemo da fararen zane da yara ke so, kuma ki nemi waɗanda aka ƙyanƙyashe a gidan kiwo, sun fi juriya. Ki ba yaron aikin rubuta zafin ruwa a littafi safe da yamma, zai rage kukan.

Gargaɗi biyu, tunda akwai yara a gidan. Kada a fesa maganin sauro ko fiya-fiya a falon, kada a kunna na hayaƙi, guba ne mai ƙarfi ga kifi da jatan lande. Turaren wuta ma a kai shi ɗaki. Na biyu, akwai wani murjani mai laushi mai kama da ƙananan maɓallai masu launi, ana yawan ba sabon shiga shi saboda ba ya wuyar kiwo. Wasu daga cikin danginsa suna ɗauke da guba mai haɗari ga mutum. Ba a taɓa shi da hannu tsirara, ba a kai hannun ido, kuma ba a taɓa dafa dutsen da ya zauna a kai, domin tururin ya sha kwantar da gida guda a asibiti. Ni da ke ce, sai in fara da mai kama da laimar kwaɗi.

Tambaya: Zan tafi Umra, na ji akwai murjani a tekun Jidda. Zan iya ɓallo kaɗan in taho da shi a gora?

Amsa: Allah ya karɓi ibada, Alhaji. Gaskiya ne Bahar Maliya tana da murjani mai kyan gaske, amma ka bar shi inda Allah ya ajiye shi. Murjani mai ƙashi yana cikin jerin yarjejeniyar CITES, mai sa ido kan cinikin dabbobi da tsirrai tsakanin ƙasashe, ba ya tsallake iyaka sai da takarda, kuma ko ya wuce jami'ai ba zai wuce zafin gora ba. Ka taho mana da dabino.

Tambaya: To mu masu ƙaramin ƙarfi da muke son kifi mai launi fa?

Amsa: Ku ne na fi so in amsa wa. Ku nemi kifayen tafkin Malawi, 'yan uwan karfasa ne amma masu ado, akwai rawaya shar, akwai shuɗi mai zane. Na ruwan daɗi ne, ba ruwanku da gishiri ko matata, kuma ruwa mai ma'adanai irin na bohol da yawa shi suka fi so. Suna ɗaukar zafi har digiri 28, fanka ƙarama tana hura saman ruwan ta isa ta rage muku digiri ɗaya ko biyu a lokacin rani. Aibinsu faɗa, don haka akwatin ya kai lita 150 ko fiye, a tara musu duwatsu masu ramuka, kowa ya samu maɓoya. Su ma sai an jira makonnin nan kafin a zuba su, kuma a sayi ƙaramin famfon iska mai batir saboda daren da aka ɗauke wuta. Ɗalibin Gwallameji, da wannan za ka fara, kuma ka sa mai yanka gilashi ya cika akwatin da ruwa ya kwana a shagonsa kafin ka biya.